Hayaƙi Mai Tsawa: Magangarar Ruwan Biktoriya da Ƙauyen Mukuni

Kunne ne ke riga ido samun labari. Matafiyin da ya baro garin Livingstone da ke kudancin Zambiya ya nufi bakin iyakar Zimbabuwe, tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 ba, zai fara jin wani gunji ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗowa daga nesa, alhali sama tas take, babu ko ɗigon girgije. Da ya ƙara matsawa sai ya hango wani farin abu ya turnuƙe bisa kan itatuwa, kai ka ce an cinna wa daji wuta. Feshin ruwan kogin Zambezi ne ke tashi daga inda kogin ya faɗa rami. Idan ruwa ya cika, feshin kan yi sama fiye da mita 400, kuma ana hango shi daga nisan kusan kilomita 50. Saboda wannan ne mutanen wurin suka raɗa masa suna Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Sauran duniya kuwa ta fi saninsa da magangarar ruwan Biktoriya.

A ɓangaren Zambiya akwai wata siririyar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da ake kira Knife Edge, ma'ana kaifin wuƙa. Wanda ya hau ta a watan Afrilu ya san abin da ake nufi da jiƙewa sharkaf. Ruwa na zuba daga sama, wani kuma na tasowa daga ƙasa, domin iskar da ke fitowa daga ramin tana cillo shi sama ne. A bakin ƙofar shiga akwai masu ba da hayar rigar leda da takalman roba, amma rigar ba ta hana komai, sai dai ta rage. Waya kam sai an naɗe ta cikin leda biyu. Mutum ba ya jin maganar wanda ke kusa da shi sai ya kai baki kunnensa ya ɗaga murya. Ƙasan gadar santsi, hannu na riƙe da ƙarfe, ido a runtse, sai can iska ta ɗan kaɗa feshin gefe, farin bangon ruwa ya bayyana a gabanka daga wannan ƙarshe zuwa wancan, bakan gizo ya gitta shi, wani lokaci har biyu, ɗaya bisa ɗaya. Kafin ka gama kallo feshin ya sake rufe komai. Mai imani da ya tsaya a nan, tasbihi ne ke fara zuwa bakinsa tun bai shirya ba.

Faɗin magangarar mita 1,708 ne, zurfinta kuma a inda ta fi zurfi mita 108. Wanda ya taɓa zuwa Gurara a Jihar Neja, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kusan mita 30, ya kwatanta a ransa ninki uku da ɗoriya, sannan ya shimfiɗa shi tsawon tafiyar minti 20 a ƙafa. Ba ita ta fi kowace tsayi ba. Ko a Afirka, Tugela ta Afirka ta Kudu ta wuce mita 900, Farin Ruwa ta Jihar Nasarawa ma ta fi ta tsayi. Abin da ya fifita ta shi ne haɗuwar faɗi da zurfi wuri guda. Babu wani labulen ruwa mai zubowa a duniya da ya kai nata girma, kuma ta kusa ninka Nayagara ta Amurka da Kanada a tsayi. A ganiyar cikowa ana ƙiyasta lita miliyan 500 ke gangarawa a cikin minti ɗaya. A shekarar 1989 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya, mallakar ƙasashen biyu tare.

Shi kogin Zambezi, na huɗu ne a tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kwango da Kwara. Yana ɓuɓɓugowa ne daga wani ɗan idon ruwa a arewa maso yammacin Zambiya, kusa da iyakar Kwango, ya ratsa Angola, ya dawo Zambiya, ya gogi Namibiya da Botsuwana da Zimbabuwe, ya ƙare a Tekun Indiya ta cikin Mozambik bayan tafiyar fiye da kilomita 2,500. Damina a can daga Nuwamba take zuwa Maris, lokacin da ƙasar Hausa ke fama da hunturu da bazara. Amma ruwan ba ya isowa magangarar nan take. Akwai wata makekiyar fadama a yammacin Zambiya, ƙasar Barotse, da ke shanye ambaliyar ta riƙe, sannan ta riƙa sakinta sannu a hankali. Shi ya sa magangarar ke kai ƙololuwarta wajen Afrilu da Mayu, bayan ruwan sama ya ɗauke.

Daga nan sai ta soma ja da baya. Zuwa Oktoba da Nuwamba, ɓangaren gabas da ke hannun Zambiya kan koma baƙin dutse tsirara, sai 'yan zirin ruwa nan da can, yayin da babban ɓangaren da ke fuskantar Zimbabuwe ke ci gaba da zuba. Akwai kuma tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 108 a ɓangaren Zambiya da ke karkatar da wani kaso na ruwan tun kafin ya kai baki, abin da ke ƙara wa wannan gefe bushewa. A wannan lokaci ne masu ƙarfin hali ke shiga wani ɗan gurbi da ke daidai leɓen magangarar, wanda Turawa suka kira tafkin shaiɗan. Wani tudun dutse ne a ƙarƙashin ruwa ke tokare mutum ya hana shi tafiya, sai ya kwanta rub da ciki ya leƙa ramin mita 100, ɗan jagora na riƙe da ƙafafunsa. Ba wurin zuwa ba ne sai da jagora, kuma da zarar ruwa ya ƙaru ake rufe shi.

Wani abin da baƙi da yawa ke wucewa ba su lura ba shi ne magangarar tafiya take yi. Ƙasar wurin baƙin dutse ne da ya samu daga narkakken dutsen da ya malala ya daskare kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, kamar yadda masana ƙasa suka ƙiyasta. Da ya huce sai ya tsattsage, tsagogin suka cika da ƙasa mai laushi. Kogin kan samu tsaga ɗaya ya yi ta cinta har ta zama rami, ya faɗa ciki na dubban shekaru, sannan ya samu wata tsagar a baya ya koma kanta. Kwazazzaban da ke ƙasan magangarar, waɗanda daga jirgin sama suke kama da tafiyar maciji, kowannensu tsohuwar magangara ce da ruwa ya yi ƙaura ya bari. Yanzu haka a ƙarshen yamma, ta gefen Zimbabuwe, ruwan ya riga ya ci leɓen dutsen ya yi ƙasa da sauran, kuma nan ake sa ran sabuwar tsagar za ta buɗe.

Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa David Livingstone ne ya gano wannan wuri. Duk Bahaushen da aka taɓa koya wa cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, alhali kakannin Sarkawa da Nufawa na su a cikinsa tun fil azal, ya san irin ɗacin da ke cikin wannan magana. Abin da ya faru shi ne, a ranar 16 ga Nuwamba 1855 mutanen Sekeletu, sarkin Kololo, suka ɗauki wannan likita ɗan mishan ɗan ƙasar Sukotlan a kwalekwale suka sauke shi a wani tsibiri da ke bakin magangarar, ya rarrafa ya leƙa. Su suka san hanya, su suka san inda ruwa ke ja da inda kwalekwale zai tsira. Shi ne Bature na farko da aka tabbatar ya ga wurin ya kuma rubuta labarinsa, sai ya sa masa sunan sarauniyar Ingila ta lokacin, Biktoriya, wadda har ta mutu ba ta taka wurin ba. Ya shuka 'ya'yan itatuwa da na kofi a tsibirin da fatan a yi lambu. Da ya dawo a 1860 ya tarar dorina ta tattake komai.

Ko sunan Mosi-oa-Tunya ma baƙo ne idan aka bi diddigi, domin da harshen Kololo yake, su kuwa Kololo daga kudu suka zo da yaƙi 'yan shekaru kafin zuwan Livingstone. Waɗanda suka tarar a wurin su ne Leya, wani reshe na al'ummar Tonga, kuma su Shungu Namutitima suke ce masa. Wuri ɗaya, suna uku, kowane suna da zamanin masu ƙarfin da suka raɗa shi. Na masu gida shi ne wanda aka fi mantawa.

Shekaru 50 bayan zuwan Livingstone sai ga jirgin ƙasa. Cecil Rhodes, attajirin ma'adinai da ya yi mafarkin shimfiɗa layin dogo daga Cape Town har Alƙahira, shi ya nace a gina gada a inda feshin ruwan zai riƙa sauka kan taragai. Ya mutu a 1902 bai ga gadar ba. An ƙera ƙarafanta a Ingila, aka kawo su ta teku zuwa Beira a Mozambik, daga nan aka ɗauko su ta jirgin ƙasa, aka harhaɗa daga gaɓa biyu har suka haɗu a tsakiya, aka buɗe ta a 1905. Tsawonta mita 198, tana kuma rataye mita 128 bisa ruwa. Har gobe tana aiki: jirgin ƙasa, manyan motocin kaya da ke hawa ɗaya bayan ɗaya, mata 'yan kasuwa da ƙullin kaya a ka, masu keke da buhuna, duk ta nan suke tsallakawa tsakanin ƙasashen biyu. A tsakiyarta ne 'yan yawon buɗe ido ke biyan daloli a ɗaure musu igiyar roba a ƙafa su yi tsallen mita 111 cikin ramin. A gefe kuma samari na tallan takardar kuɗin Zimbabuwe ta dala tiriliyan 100 da aka fitar a farkon 2009, lokacin da tsadar kaya ta haukace a ƙasar. Yau ta zama abin tsaraba. Birai kuwa, musamman gwaggon biri, sun ƙware wajen fizge leda daga hannun wanda ya yi sakaci.

Gadar ta kawo otal-otal, ta kawo garin Livingstone wanda ya zama hedikwatar Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta zamanin mulkin mallaka, daga 1911 zuwa 1935 kafin a koma Lusaka. Ta kuma kawo shinge. Gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe bakin kogin don shaƙatawar baƙi da kiwon namun daji, mutanen Leya da ke zaune a gaɓa da tsibirai aka matsa da su can tudu. Waɗanda ke tuƙa kwalekwale suna tsallakar da jama'a sana'arsu ta mutu da zuwan gada. Wuraren da suke girmamawa suka koma bayan ƙofar da sai da tikiti ake shiga. Wannan ne ya sa wanda ya kalli ruwa ya ɗauki hoto ya juya, bai ji rabin labarin ba. Sauran rabin yana wani ƙauye da ke kan tudun yashi, tafiyar ƙasa da rabin sa'a a mota daga magangarar.

Sunan ƙauyen Mukuni. Hanyarsa ta ratsa ta gindin wata ƙatuwar kuka, ta bi ta cikin daji mai gajerun itatuwa, sai ga dangogin kara da jinkar ciyawa sun fara bayyana. Ba ƙauyen da aka gina don nuna wa baƙi ba ne, kamar yadda ake yi a wasu wuraren yawon buɗe ido inda ake ɗaukar ma'aikata su sa kayan gargajiya da safe su tuɓe da yamma. Gari ne na gaske mai mutane kusan 7,000, da makaranta, da ɗakin shan magani, da coci-coci, da kotun gargajiya. Ɗan ƙauyen Katsina ko Maraɗi da ya shiga zai ji kamar ya san wurin: ɗakunan laka masu rufin ciyawa, rumbu a ɗage bisa duwatsu saboda gara, kaji na tono a gindin danga, akuya ɗaure a inuwa, mata da zanin atamfa, wanda su suke kira citenge, goye da yara suna layi a rijiyar burtsatse. Daga wani gida kana jin lugude, turmi da taɓarya na amsa juna. Kusa da bukkar ciyawa kuma ga ɗakin bulo da kwano, da farantin sola a kan rufi, da matashi na latsa waya.

Tarihin baka na garin ya ce tun ƙarni na 13 aka kafa shi, kuma mace ce ta kafa shi, mai sarautar Bedyango, lokacin ana kiransa Gundu. Daga baya, wajen ƙarni na 17, wani basarake mai suna Mukuni ya iso da jama'arsa daga arewa, asalinsu daga yankin Kwango. Maimakon ɗaya ya kawar da ɗaya, sai aka yi sulhu aka raba mulki, kuma wannan rabo na nan har yau. Sarki Mukuni, wanda na yanzu ake lissafa shi na 19, shi ke riƙe da shari'a da hulɗa da gwamnati da baƙi, yana zaune a fadarsa da ake kira Lumpasa. Bedyango kuma tana da tata fadar, Nanjina. Ba matar sarki ba ce, ba kuma mataimakiyarsa ba. Ita ce uwar ƙasa: lamarin gonaki da rabon fili, da haihuwa da mutuwa, da roƙon ruwa, duk a hannunta suke, sarautar kuma ta tsatson mata ake gadonta. Idan sarki ya rasu, sai da amincewarta ake naɗa wani, al'ada kuma ta ba ta ikon tsawata wa mai ci idan ya kauce. Mai karatu da ya san labarin sarauniyoyin Daura, da matsayin Magajiya ko Iya a wasu fadojin ƙasar Hausa, ba zai ga abin baƙo ba, sai dai a Mukuni ikon bai tsaya ga suna da girmamawa ba.

Akwai wani labari da 'yan jagora ba sa tsallakewa. Wai akwai wani ɗan dutse mai rai da kowane sabon sarki ke haɗiyewa ranar naɗi, ya zauna a cikinsa muddin yana mulki, idan ya rasu a ciro a miƙa wa magajinsa. Baƙo ba shi da hanyar tabbatar da wannan, ba kuma a neme shi ya gaskata ba. Abin da labarin ke nunawa a fili shi ne yadda suke kallon sarauta: amana ce da ke wucewa daga ciki zuwa ciki, mai ɗauke da ita ajiya aka ba shi. A tsakiyar garin kuma akwai wata babbar bishiya da suke cewa a inuwarta Livingstone ya zauna yana jiran a yi masa iso. Wanda ya samu shiga gaban manya a nan, durƙusawa ake yi a tafa hannu a hankali, tafin yana maimakon jinjinar da aka sani a fadar Hausa.

Galibin mutanen Mukuni yau Kirista ne, amma dangantakarsu da magangarar ta girmi zuwan mishan, kuma ba su yar da ita ba. A wurinsu nan ne mazaunin kakanni. Akwai wani gurbi a saman magangarar ta gefen gabas da suke kira Sambadwazi, wato wanke cuta, inda a da idan annoba ta shigo gari ake zuwa a yi wanka a bar ruwa ya tafi da tsofaffin tufafi. Akwai kuma can ƙasa, inda duk ruwan kogin ke matsewa ya fita ta wata ƙofa siririya ya yi ta juyawa kamar tukunya na tafasa. A bikinsu na Lwiindi, idan ana neman ruwan sama, samari kan shafe jikinsu da farar ƙasa su gangara wannan rami su ɗebo ruwa su hauro da shi a kai wa Bedyango. Wanda ya taɓa sauka wannan gangare ya hauro da ƙafarsa, ko da hannu rabbana, ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya fi shahara da garin a idon baƙi shi ne sassaƙa. A ƙarƙashin wata rumfa za ka ga magidanci zaune a ƙasa, ya maƙale guntun icce tsakanin ƙafafunsa, gizago na sauka tak, tak, tak, ɓawo na tashi. Babu zane a gabansa, babu awo. Cikin ɗan lokaci sai ka ga bayan dorina ya fito, sannan kunnuwa, sannan wannan faffaɗan baki. Daga nan ya ajiye gizago ya ɗauki wuƙa, bayan wuƙa sai takardar goge katako, wadda galibi yaro ne ke karɓa ya ci gaba, a ƙarshe a shafe ta da man goge takalmi har ta yi ƙyalli. Giwa, karkanda, raƙumin dawa mai tsawon mutum, akushi, cokula, sanduna, kujeru, ga su nan jere a kasuwar ƙauyen. Mata kuma na saƙa kwanduna da faifai, suna zura duwatsun ado. Da yawa daga kayan da ake sayarwa a bakin magangarar da kasuwar tsaraba ta cikin Livingstone daga hannun waɗannan mutane suka fito. Ciniki ake yi kamar a kasuwar Kurmi: mai kaya ya faɗi nasa, ka taya, ya ce albarka da nasa harshen, har a daidaita.

A nan ne kuma zuciya ke sosuwa. A bakin kogin akwai otal-otal da kuɗin kwana ɗaya a cikinsu ya fi abin da masassaƙi zai samu a watanni. Jirage masu saukar ungulu na shawagi bisa magangarar daga safe zuwa yamma, kowane fasinja ya biya fiye da dala 100 don kallon minti 15, ƙararsu kuma har cikin ƙauyen. Mafi yawan wannan dukiya ta saman Mukuni take wucewa. Abin da ke sauka shi ne ɗan kuɗin shiga da baƙi ke biya, da cinikin sassaƙa, da albashin 'yan garin da ke aiki a otal ko jagora, da ladan samarin da ke saɓa kwalekwalen roba a kafaɗa suna hauro da shi daga cikin kwazazzabo bayan baƙi sun gama wasa da igiyar ruwa. Ƙungiyoyin agaji sun taimaka da azuzuwa da rijiyoyi, masarautar ma na da hannu a wasu harkokin yawon buɗe ido. Duk da haka, mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna maƙwabtaka da abin da duniya ke tururuwar zuwa gani sun cancanci kaso mafi tsoka. Lokacin annobar korona a 2020, da jirage suka daina sauka, masassaƙan nan ne suka fara ji a jikinsu, domin ba a cin giwar katako.

Giwa ta gaske kuma wata matsalar ce. Baƙo na murna idan ya ga garke na tsallaka titi kusa da gandun dajin Mosi-oa-Tunya, inda ake gadin 'yan fararen karkanda dare da rana da bindiga. Manomi ba ya murna. Giwaye kan haye kogin daga Zimbabuwe da rani, kuma a dare ɗaya suna iya share gonar masarar da iyali ke dogaro da ita shekara guda. Akan samu asarar rai ma. Manoma kan kwana a gona suna buga gwangwani, wasu su shafa barkono da baƙin mai a tsumma su rataya a igiya kewaye da gona, ko su ƙona barkonon da kashin giwa, saboda giwa ba ta jure yajinsa a hanci.

Sai fari. A ƙarshen 2019 hotunan magangarar a bushe sun karaɗe duniya, har shugaban Zambiya na lokacin, Edgar Lungu, ya wallafa su yana jan hankali kan sauyin yanayi. Masu harkar yawon buɗe ido suka fusata, suna cewa gefen gabas kullum yakan bushe a wannan lokaci, kuma 'yan watanni bayan nan ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Sun yi gaskiya a nan, amma farin ma gaskiya ne. A Fabrairun 2024 Shugaba Hakainde Hichilema ya ayyana fari a matsayin bala'in ƙasa, masara ta ƙone a gonaki, madatsar Kariba da ke ƙasan kogin ta ja baya har wutar lantarki ta koma ta 'yan sa'o'i a yini. Kudancin Zambiya, inda Mukuni take, na cikin inda abin ya fi tsanani.

Ita Kariba tana da tabo a zuciyar Tonga. Don gina ta, wadda aka kammala a 1959, an tashi mutanensu kusan 57,000 daga kwarin da kakanninsu suka zauna, irin yadda madatsar Kainji ta haɗiye tsohuwar Busa a 1968. Yanzu kuma ƙasashen biyu na da shirin gina wata a kwazazzabon Batoka, kimanin kilomita 50 ƙasa da magangarar, mai ƙarfin megawat 2,400. An daɗe ana maganarta ana ɗagawa. Masu goyon baya na nuna duhun da gidaje da masana'antu ke ciki. Masu adawa na cewa ruwan da zai taru zai shafe wuraren igiyar ruwan da samarin ƙauyukan nan ke ci da su.

Duk da wannan, baƙo ba ya barin Mukuni da baƙin ciki, saboda mutane ne masu sakin fuska. Idan aka yi sa'a aka tarar da abinci, nshima za a kawo, wato tuwon masara sak, da miyar ganye mai gyaɗa, wani lokaci da 'yan ƙananan busassun kifi da suke kira kapenta. Da hannu ake ci, bayan an zagayo da ruwan wanke hannu. Akwai kuma wani abin sha na masara da saiwar itace, cibwantu, ɗan'uwan kunun zaƙi. Gaisuwar safe ita ce "mwabuka buti", daidai da ina kwana, kuma kamar a ƙasar Hausa, abin kunya ne ka faɗa wa mutum da tambaya ba ka gaishe shi ba.

Mai niyyar zuwa daga Najeriya ko Nijar zai bi ta Adis Ababa, ko Nairobi, ko Johannasbag, ya sauka a Livingstone ko a garin Victoria Falls na Zimbabuwe. Wanda ya sauka Lusaka kuma yana da tafiyar kusan kilomita 470 a mota. A binciki sharuɗɗan biza na ƙasashen biyu tun daga gida, domin gefen Zimbabuwe ya fi ba da damar ganin faɗin ruwan, gefen Zambiya kuma ya fi kusanto da mutum bakinsa. Mai son ganin ƙarfin ruwa ya je tsakanin Maris da Mayu, mai son ya ga komai sarai ba tare da feshi ya rufe masa ido ba ya je Yuni zuwa Agusta, amma ya riƙe rigar sanyi, don lokacin hunturunsu ke nan. Idan tafiyar ta dace da daren sha huɗu ga wata a lokacin cikar ruwa, akan buɗe ƙofa da dare a ga bakan gizon farin wata. Yankin na da sauro, a nemi maganin kariya da gidan sauro. Akwai masallaci a cikin garin Livingstone.

Wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, ya ware wa Mukuni aƙalla rabin yini. Ya ɗauki ɗan garin ya yi masa jagora, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa, kada ya raba wa yara alewa ko kuɗi a titi. In yana da abin bayarwa ya kai makaranta. Ya sayi tsarabarsa daga hannun wanda ya sassaƙa ta, kada kuma ya matse shi a ciniki har ya sayar a faɗuwa. In zai tafi ya ce musu "twalumba", wato mun gode.